Takardar Yaya a Gosulon Nyanya

Shekarun baya, lokacin ina tsaron wani shagon magani a Karu, ni ce likitar gidanmu. Ba wai na gama karatun ba ne. Shekara ɗaya na yi a makarantar koyon aikin lafiya na gudo, amma da babu gara ba daɗi. Duk takardar asibitin da ta shigo dangi ni ake miƙo wa, ni kuma in gyara zama ina ɗaure fuska.

Abu ɗaya da ya zauna mini a kai shi ne darasin wani malaminmu. Ya ce kada dogayen sunayen likitoci su ba mu tsoro, mu raba su kai da wutsiya: kai ya nuna wurin, wutsiya ta faɗi abin da za a yi masa. Wutsiyar "ectomy", in ji shi, aro Turawa suka yi daga Girkawan da. "Ek" waje, "tome" yanka, wato a yanke a fitar. Ya ce duk inda muka gan ta, wani abu zai bar jikin mutum, kuma ba zai dawo ba.

Yayata ta shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa. Ƙari ne a mahaifarta, ga zubar jini da ya ƙarar da ita. Da aka sa ranar tiyata, mijinta, mutumin kirki mai sayar da atamfa, ya kawo mini takardar har shago. Idona ya faɗa kan kalmar: hysterectomy. Kan ma na san shi, mahaifa ce a Girkanci. Ga kuma wutsiyar nan.

Ya ce, "Likita ta yi min explaining, na sani. Amma ni da Mama mun yanke a ce mata wankin ciki ne. Please kar ki faɗa mata, zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

Mama ɗin, wato mahaifiyarmu, ta bugo daga Zariya ta ce in kama bakina. Haka muke a gidanmu, mara lafiya ba ya jin komai sai "da sauƙi".

Sati biyu na yi ina kama bakin. 'Yan dubiya su zo su ce, "In an wanke, sai Allah Ya kawo rabo," Yaya ta ce amin, ni kuma in tashi in shiga kicin ina wanke kofin da ba datti. Wallahi ban taɓa gajiya irin ta lokacin ba, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ranar kwantar da ita, mijinta ya riga mu tafiya da masu ba da jini, sai ni da ita muka hau bas da safe. Muna isa Nyanya gosulo ya riƙe mu, ga zafi, ga hayaƙi. Can ta buɗe jaka ta ciro takardar.

"Auta, karanta min."

"Yaya, ai wanki ne kawai."

"Ban ce ki faɗa min abin da aka aiko ki da shi ba. Karanta."

Kun san me na yi? Na ɓuya a bayan malaminmu. Na shiga ba ta labarin kai da wutsiya, da Girkawa, da yadda Turawa suka yi aro, kamar wadda aka gayyato lacca. Ta bar ni na yi ta zuba har na ƙare, ba sauran inda zan kewaya.

Na ce, "Cire mahaifar za a yi, Yaya. Gaba ɗaya."

Ta daɗe tana kallon wata mai dafaffiyar gyaɗa ta taga. Sannan ta ce, "Na sani. Tun ranar farko likitar ta zaunar da ni ta yi min bayani, da Hausa ma. Ni na sa hannu. Ina kallon ku kuna fama da ƙarya, ni kuma ina fama da amin. Ban samu ko mutum ɗaya da zan yi kuka a gabansa ba."

Ta kifa kai a kafaɗata. Kwandasta ya zo karɓar kuɗi, ya gan mu, ya wuce. Har muka shiga gari hijabina bai bushe ba.

An yi aikin lafiya. Yaya ta murmure, ta yi ƙiba, yanzu ita ke tsokanata da "likitar Girka". Mama ta yi wata guda tana fushi da ni, ta gaji ta sauko.

Har yanzu ana kawo mini takardu, sai dai na sa sharaɗi: mai ciwon ya zo ya zauna, in karanta yana ji. Wasu sun daina kawowa, ban damu ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, na san kalmar tun kallon farko, amma na bar Yaya ta yi sati biyu tana cewa amin ita kaɗai.