Injiniya, Shayinka Ya Huce

Babanmu mai walda ne. In ka bi layinmu ka ga ƙofar ƙarfe da ba ta kuka idan an tura ta, to aikinsa ce. Ya yi wa mutane tagogi da gadaje, har akurkin kaji ya ƙera wa maƙwabta, amma ƙyauren kicin ɗinmu da waya muke ɗaure shi tun ina firamare. Mama ce ta sa masa suna Injiniya, kuma tsokana ce tsagwaronta. Shi ma ya sani. In wani ya kira shi da sunan sai ya haɗe rai, in ita ce sai ya yi kamar bai ji ba, yana murmushi ƙasa-ƙasa.

Wani direba da Baba ya gyara wa bodin mota ne ya kawo mana aku biyu kyauta, masu ruwan toka da jar wutsiya, kowanne a ɗan kejinsa. Mama ta rataye macen a tagar kicin, namijin kuma a baranda. Macen ba ta jin magana ta bar ta a ƙasa, shi ya sa muka sa mata 'Yar Gulma. Namijin kuwa ko sallama bai taɓa koya ba, sai muka ce da shi Kurma.

"Injiniya," in ji Mama, "tsuntsayen nan fa mata da miji ne, ka raba su sai ka ce alƙali. Ka yi musu babban keji a bayan gida mana, su miƙe fukafukansu."

"Gobe, in Allah ya kai mu."

Goben Baba kuwa kowa ya san ta a gidanmu. A cikinta muka girma, a cikinta aka aurar da ni, a cikinta Mama ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba.

Da masu gaisuwa suka watse, gidan ya yi mana girma. Wata safiya na haɗa wa Baba shayi, ya zauna ya tasa kofin a gaba bai taɓa ba. Sai muka ji daga kicin: "Injiniya, shayinka ya huce." Muryar Mama ce sak, har da ɗan gyaran muryar da take yi kafin ta yi masa faɗa. Baba ya miƙe tsaye kafin ya tuna. Ni kam bayan gida na gudu na sha kukana.

Tun daga ranar ya ɗauki wata ɗabi'a. Zai haɗa shayi da kansa ya ajiye, ba zai kurɓa ba sai 'Yar Gulma ta yi masa faɗa. Mutumin da a da Mama ke bi da kofi har bakin ƙofa, yanzu shi ke zaman jiran a ce masa ya huce.

Ana nan sai na zo gida na tarar ya kwaso ƙarafa ya zube a gindin bishiyar bayan gida. Goben ta zo ke nan, bayan mai tambayarta ta tafi. Ban taɓa ganin ya yi wa wani aiki irin wannan ba. Ya zuba siminti a ƙasa saboda ɓeraye. Ya rufa rabin saman da kwano, ya bar rabi don su sha hantsi. Ya yi ƙofa biyu, ta ciki da ta waje, kada ɗaya ya fice in an shiga zuba musu abinci. Ya ƙi shafa fenti, wai aku ba ya ganin abu bai ɗanɗana ba. Duk inda ya yi walda sai ya bi da yatsa, in ya ji kaifi ya goge.

Mai sayar da tsuntsaye da ya kawo masa tasoshin ruwa ya tsaya ya ƙare wa kejin kallo.

"Maigida, aiki ya yi kyau. Amma ka san in ka haɗa su za ta rage magana ko? Kaɗaici ne ke sa aku hira da mutum. In ta samu ɗan'uwanta, ta gama da ku."

Baba ya ɗaga gilashin waldarsa ya daɗe yana kallon tagar kicin.

"Marigayiya ce ta ce in yi," ya ce, ya mayar da gilashin.

Ranar da aka sake su, Kurma ne ya fara tashi, ya bugi raga, ya dawo kan reshe yana haki. Kafin la'asar sun jeru wuri guda, tana sosa masa ƙeya da baki. Ban taɓa ganin su da irin wannan walwala ba, kuma Allah ya sani haushinsu na ji.

Maganar mai tsuntsaye ba ta faɗi ƙasa ba. 'Yar Gulma ta koma fito da kwaikwayon hon ɗin babura. Shayin Baba ya riƙa hucewa ba mai gaya masa.

"Baba, ka mayar da ita kicin mana, ko da safe ne kawai."

"In mayar da ita kurkuku don in ji daɗi? Da wane ido zan kalli uwarki?"

Sai ya yi abin da ya iya. A wurin mai walda, in abu ya fara tsagewa, sake bi ake yi ta kansa da wuta. Kullum da safe zai ja kujera gaban ragar, ya ajiye kofi a ƙasa, ya yi ta maimaita mata, "Injiniya, shayinka ya huce," don kada ta manta. Maƙwabta na leƙe ta katanga, ya yi kunnen uwar shegu da su.

Ina nan ranar da ta amsa. Ta sauko kan ragar, ta karkata kai, ta faɗi maganar tiryan-tiryan. Amma da muryar Baba ta faɗa, wannan dusasshiyar muryar da hayaƙin walda ya cinye. Ta sake faɗa, ta kuma sakewa. Ko gyaran muryar nan na Mama babu.

Baba ya juyo ya dube ni.

"Kin ji ko? Na bi ta kanta na shafe ta."

Ya sunkuya ya ɗauki kofin, ya shanye shayin da sanyinsa, sannan ya tashi ya shiga ya canja musu ruwa.