Gwangwani Uku a Ɗakin Goro

A shekarun da ƙasarmu take amsa sunan Dahome, tutar Faransa ba ta daɗe da sauka ba, ni matashin ɗan kasuwa ne a Djougou, na gaji ɗakin goron mahaifinmu. Kakanninmu fatake ne, goro ne ya kawo su garin suka zauna. Abin da nake taƙama da shi a lokacin ɗaya ne, ba a taɓa cuta ta a kaya ba. Ko ɗan uwana ne ya kawo huhu sai na kwance shi a tsakar gida, cikin rana, na duba har ƙasa. Kowane mako ina buɗe kayana in tsince mai sankara, in sauya ganye, in yayyafa ruwa. Girman kai ya yi mini yawa, ina ganin ido na ya fi na kowa, kuma wannan ne ya kai ni ga abin da nake son masu karatu su ji.

Ina da ƙane guda, yana zaune wurin kawunmu a Zongon Parakou. Shi goro bai dame shi ba, balo, wato ƙwallon ƙafa, shi ne a ransa. Ta gefen hagu yake buga wasa, kuma in ya ɗauki ƙwallo ya zura da gudu, har mahauta sukan bar teburinsu su je kallo. Yana da aboki tun na ƙuruciya, mai haska sinima a gari, wanda ya sayi tsohuwar kamara ya ce shi fim zai riƙa yi da kansa, ba gwamnati, ba ubangida. Ni dai ban taɓa ƙaunar yaron ba. Hularsa a karkace, bakinsa cike da Faransanci, ina yi masa kallon mai neman gujewa aiki. Shi ne ya bi ƙanena fili fili har ƙarshen wasannin shekarar yana ɗaukarsa, domin wani mai horar da 'yan wasa a ƙasar waje ya ce in ya ga yaron a fim, ya gamsu, zai kira shi gwaji. Wannan fim shi ne hanyar ƙanena, shi ne kuma aikin farko na abokinsa.

A lokacin ba a wanke irin wannan fim a ƙasarmu, sai an kai Faransa. Wani ɗalibi ɗan unguwarmu zai koma can bayan mako biyu, ga shi ɗakin mai kamarar na kwano ne, zafi kamar gidan burodi. Sai shi da ƙanena suka hau mota suka zo Djougou da gwangwani uku na fim ɗin, an naɗe bakinsu da baƙin salatif, suka roƙe ni in ajiye a ɗakin goro saboda sanyinsa. Mai kamarar ya durƙusa yana ce mini Yaya, ya maimaita har sau uku cewa kada a buɗe, kada haske ya gani. Na ce masa ya tashi, kayan da suka fi wannan daraja sun kwana a ɗakin nan. A zuciyata kuwa cewa na yi, duk mai kawo ruɓaɓɓen kaya haka yake cewa kada a buɗe.

Ranar buɗe huhuna ta zagayo. Na gama tsintar goro, hannuna jajur, sai idona ya faɗa kan gwangwanayen. Na kasa haƙuri. Na fito da su tsakar gida da tsakar rana, yadda aka koya mini duba kaya, na ɓare na farko. Na ɗaga zaren fim ɗin sama ina neman ƙanena, ban ga komai ba, ko inuwar mutum. Na warware shi har ƙarshe, na buɗe na biyu, na buɗe na uku. Wallahi murna na yi, na ce yau na kama macuci. Na naɗe su na rufe na yi shiru, na bar ɗalibin ya tafi da su, ina jiran Turawa su tona masa asiri da bakinsu.

Bayan wata uku kayan suka dawo Parakou da wasiƙa. Aka tara mu a zauren kawu. Mai kamarar ya karanta ya fassara cewa haske ya cinye fim ɗin gaba ɗaya. Ya yi mana bayani cewa hoto ba ya bayyana sai an wanke a cikin duhu, kafin nan ko ƙyallin ashana yana kashe shi. Nan take na gane abin da na yi. Ya juyo ya tambaye ni cikin ladabi ko wani ya taɓa gwangwanayen a ɗakina. Ga kawu, ga ƙanena yana kallona. Na buɗe baki na ce babu wanda ya taɓa, har na ƙara da cewa mai kaya ya fi kowa sanin abin da ya zuba a ciki. Ƙanena ya yarda da ni, ya miƙe ya kira abokinsa mayaudari a gaban mutane. Yaron ya tattara gwangwanayensa ya fita.

Ba a sake ɗaukar wani fim ba. Shekarar da ta biyo ƙanena ya ji ciwo a gwiwa, ya bar balo ya koma sayar da nama. Abokinsa ya sayar da kamarar, ya buɗe ɗan shago yana ɗaukar hoton katin shaida. Shekara da shekaru suna wuce juna a hanyar masallaci ba gaisuwa, har ƙanena ya rasu. Duk lokacin da na yi niyyar magana sai kunya ta riƙe mini harshe, in ce sai wata zuwa. Haushin kaina da nake ji ba ya faɗuwa.

Bayan sadakar arba'in na je shagon tsohon nan mai ɗaukar hoto, don shi ma ya tsufa, na gaya masa gaskiya. Bai yi mamaki ba. Ya jawo wani akwati ya ciro guntun fim ɗin ya miƙo mini, ga shatin yatsuna na jan goro a jiki. Ya ce tun ranar a zauren kawu ya gani, amma ba zai iya ƙaryata yayan abokinsa a gaban manya ba, ya zaɓi ya rasa aboki da dai abokin ya rasa yayansa.

Abin da na koya shi ne, gwanintarka a sana'arka ba ta ba ka ikon sa hannu a ta wani ba. In mai abu ya ce kada ka taɓa, tambaye shi dalili, kada ka bi zato. In kuma ka riga ka yi ɓarna, faɗa a ranar, tun wanda ka cuta yana da rai. Yau 'ya'yan ƙanena suna tambayata yadda ubansu yake gudu a fili, ni kuwa da na ɗaga fim ɗin gudunsa sama a cikin rana da hannuna, ba ni da abin nuna musu.