Mutumin da Yake Wanke wa Matarsa Fim

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci ji da gani, Ya rataya amanarsu a wuyan bawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga ManzonSa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihin wani bawan Allah ne da unguwa ta sani da Mai Agogo. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, ba komai ciki sai teburi mai gilashi da madubin da yake maƙalawa a ido idan zai buɗe cikin agogo. Mutum ne mai tsantseni, wanda ƙura kaɗan a jikin ƙarfe takan ɓata masa yini.

Matarsa ta tashi da son kallon fim, sannan Allah Ya jarrabe ta da rasa gani bayan 'ya'yansu sun yi aure sun watse. Daga nan da maganarsa take taka ƙasa: in ya ce tudu ta ɗaga ƙafa, in ya ce babu komai ta wuce. Ta kuma roƙe shi ya riƙa zama kusa da ita a falo bayan la'asar, yana faɗa mata abin da ke gudana a talabijin, yana karanta mata fassarar da ke ƙasa idan harshen baƙo ne. Takan kira shi Idona. Shi da bai taɓa kai fim ƙarshe ba, ya amsa.

Bai zalunci masu sana'ar fim ba. Ya yarda hoton zamanin nan ya yi kyau har kana iya ganin gumi a goshin mutum. Abin da ya tayar masa da zuciya shi ne abin da ake zubawa a cikin wannan kyakkyawan kwano. A fim ɗin faɗa, ƙato guda zai karkashe mutane cikin kasuwa don an kankare masa mota, a tsaya ana nuna jini kamar a mahauta, shi kuwa ko rigarsa ba ta yamutse ba. Na ban tsoro ya fi ba shi haushi fiye da tsoro, domin mutanen gida za su ji kuka a ɗakin ƙasa, maimakon su kira maƙwabta, sai su riƙa sauka ɗai-ɗai ana cinye su. Barkwanci ya koma tusa da marin tsofaffi. Na soyayya kuwa, tufar da ke jikin yarinyar ba za ta isa goge gilashin agogo ba.

Harshensa ya ƙi ɗaukar wannan ƙazanta zuwa kunnen matarsa. Da fari in aka zo wurin alfasha sai ya rage sauti ya ce suna gaisawa. Daga baya ya shiga tufatar da tsirara, yana mayar da kwalbar giya ta ruwa. Da hannunsa ya faɗa, sai ya kai ga ƙarshen labari: ɓarawon da ya tsere da dukiya, a bakin Mai Agogo kama shi ake yi, maci amana kuma sai ya tuba. Matar ta riƙa cewa lallai masu fim sun yi hankali a bana. Shi kuwa sai ya nemi gafara a ɓoye, domin ya san sharaɗin mai riwaya shi ne ya isar da abu yadda ya same shi.

Sau ɗaya aka yi fim ɗin da bai sauya masa ko harafi ba, labarin wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da ke jinyar abokin gabarsa. Wannan ne ya hana shi yanke hukuncin cewa sana'ar kanta najasa ce.

Asiri ya tonu ranar da ƙanwar matarsa ta kawo ziyara. Hira ta kai su ga wani fim ɗin soyayya da gari ya ɗauka, matar ta shiga yabon yadda mijin ya koma wa iyalinsa yana kuka. Ƙanwar ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ai guba ya ba matarsa, ya binne ta a lambu, ya tafi yawon duniya da aminiyarta, kuma a haka aka tashi.

"Yaya Mai Agogo," in ji ta, "ashe har fim kake buɗewa ka sauya masa ƙarfe?"

Matar ba ta yi dariya ba. Bayan baƙuwa ta tafi ya yi ta kawo uzuri, cewa kunnenta yake tsarewa. Ta bar shi ya gama, sannan ta sanar da shi cewa wannan fim ɗin, da wasu irinsa, ita ce ta yi ta tallarsu ga matan maƙwabta, tana rantsuwa babu abin kunya ciki, su bar 'ya'yansu mata su kalla. Da wankinsa, da bakinta, ƙazantar ta shiga gidajen da da ba za ta shiga ba.

Washegari ya kama hannunta za su asibiti. A bakin titi ya ce ta taho, babu komai. Ta toge.

"Babu kwata, Malam, ko ita ma ka share mini ita? Ban ba ka idona don ka zaɓa mini duniya ba."

Ta aika aka sayo mata sanda. Da ya ji ƙwanƙwasarta a tsakar gida, ya san hukuncinsa ke nan.

Bai yi jayayya ba. Ya bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ya wanke ta, ya ɗora laifin inda ya dace. Sannan ya koma kujerarsa ta falo ya shiga aikin da ya fi masa shan magani ɗaci: faɗar abin da ya gani. Yakan ce yarinyar fim ɗin ta tuɓe, ko ya ce wani ya yanka wani kuma suna nunawa, fuskarsa a yamutse kamar mai ɗauke da mushe. Sai ga shi ta fi shi tsanani. Kafin ya rufe baki ta ce ya kashe talabijin, Allah Ya shirye su. Finafinai kaɗan ne suka kai ƙarshensu, waɗannan kuwa ta yabe su da hujja, ta faɗi inda suka gaza.

Sannu a hankali ta koma ba shi hannun hagu idan za su fita. Sandar dai tana dama, kuma ba ta ajiye ta ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Allah Ya jiƙan Mai Agogo, Ya yafe masa abin da ya ƙara da abin da ya rage, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da rahamar da ba ta yankewa. Amin.