Ruwa yana Zuba

A shekarar da aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar Abuja Bulus ya rasu. Bana shekara goma sha biyar ke nan. Lokacin ban iya karanta kalanda ba, shi ya sa da wannan nake ganewa. Tifa ce ta buge babur ɗinsa a hanyar Bwari, inda ya koma bayan rusau ya cinye unguwarmu. Da aka faɗa mini ban yi kuka ba. Har yau ban yi ba.

Tare muka tashi, katangar kwano ɗaya ce tsakaninmu. Iyayenmu leburori ne da suka zo gina birnin nan a mulkin farar hula na wancan zamani, babansa daga Filato, nawa daga Zariya. Layinmu ba shi da suna, sai da wani ɗan kwangila ya kafa famfo a bakinsa, ya ce ruwa na nan tafe, ya tafi. Daga nan ya zama Layin Famfo. A gindin famfon nan muka yi langa, muka gara taya, muka ci tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti. Bai taɓa ɗiga ba.

Bulus kan kara kunnensa a jikin bututun, ya yi shiru kamar likita, sai ya ɗaga murya: "Ruwa yana Zuba!" Mata su fito da bokitai, wata da kumfa a hannu. In sun tarar da famfo a bushe, sai ya rantse bai yi ƙarya ba, garin Zuba yake nufi, ruwan yana can wajen masu lemo, gobe zai kwana Dei-Dei a hanyarsa ta zuwa nan. Mamansa ta bi shi da muciya. Ya yi ta maimaitawa har muka girma, kuma ba a taɓa rasa wadda za ta fito ba. An ce mai haƙuri shi ke dafa dutse, amma ko dutsen ai da ruwa ake dafa shi.

Yanzu ina zuwa ajin manya da yamma. Kwanaki malama ta koya mana cewa sunan gari da babban baƙi ake fara shi. Na rubuta maganar Bulus a littafina sau biyu, ɗaya da babba, ɗaya da ƙarami, na daɗe ina kallo. Ashe duk wasan nasa a baƙi ɗaya yake, kuma takarda ba ta rufa masa asiri. Da yana nan, da ya ce boko ya kashe masa kasuwa.

'Yarsa Rifkatu tana goye aka binne shi. Bana ta roƙe ni in nuna mata inda babanta ya tashi, domin ni kaɗai na rage da na san wurin. Na yi mata alkawarin ko ba komai za ta taɓa famfon.

Muka je. Doguwar katanga ce da gidajen bene a ciki. Mai gadi ya ce, "Oga, gidan wa?" Na ce Layin Famfo. Ya ce bai taɓa ji ba. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa muka hango wani ƙarfe yana juyawa yana fesa wa ciyawa ruwa, ba kowa a wurin, ba ko bokiti ɗaya.

Rifkatu ta ce, "Kawu, nan ne?"

Na duba gabas, na duba yamma. Bishiyar mangwaron layinmu da zan yi alama da ita babu. Na ce mata ban sani ba. Abin da na iya ce mata shi ne ruwan ya iso.

Ta karɓi littafina, ta karanta layin nan biyu a bayyane. A bakinta duk ɗaya suka fito, kamar a bakinsa. Ta yi dariya, irin tasa. Ni na tsaya ina kallon ciyawa.

Abin da babu: layi ɗaya, mangwaro ɗaya, famfo ɗaya, matan da ke fitowa da bokiti, da Bulus.