Ranar da Shefali Ta Ƙi Yanke Idon Ƙaguwa

Matso kusa ka zauna, shayin ma bai huce ba. Labarin maƙwabciyata Shefali Mondal zan ba ka, wadda katangar kara ce kawai ta raba gidanmu da nata a nan bakin kogin Kholpetua.

In ka gaisa da Shefali, hannunta za ka fara lura da shi. Babu yatsan da ƙaguwa ba ta sa wa hannu ba, ɗan ƙaramin na hagu ma a karkace ya warke. Tun tana 'yar shekara tara take bin mahaifinta cikin kurmin bakin teku in ruwa ya janye, laka har cinya, suna zura ƙugiyar ƙarfe cikin ramuka. Da ta yi aure ta ci gaba, da mijin ya rasu ma ba ta fasa ba. Daga baya gwiwa ta ƙi laka, sai ta koma kiwo a kududdufin bayan gida, kowace ƙaguwa da akwatinta, don in ka haɗa biyu wuri guda, da safe ɗaya za ka tarar ta ƙoshi.

Ƙaguwa ba ta girma sai ta yi saɓa, ta fice daga tsohon ɓawonta ɗungum, jikinta laushi kamar dafaffen ƙwai. Shefali kuwa takan ɗaga ƙafar baya, mai faɗin nan kamar filafili, ta saita ta da rana, ta ce, "Wannan saura kwana biyar." Kwana biyar ɗin ne kuwa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma a wannan karatun ba ta da na biyu.

To, shekarun nan 'ya'yan ƙaguwa sun yi wuya a kurmi, kududdufai da yawa sun zauna wayam. Sai aka buɗe ɗan gidan ƙyanƙyasa a ƙarshen ƙauye, aka kawo wata matashiya mai ilimin halittun ruwa, Tanzila, daga birnin Khulna, aka haɗa ta da Montu, ɗan garinmu mai baki kamar rediyo, ya zama mai kula da tankuna. Iyayen ƙaguwa mata huɗu suka samu. Uku suka mutu kafin su yi ƙwai. Saura ɗaya, wata shirgegiya da Shefali ta yi kiwo da hannunta ta ba su. Damina saura wata biyu, kuma da ta sauko ruwa zai salance, gishirinsa ya tafi, ƙwai ba ya rayuwa a ciki. In wannan uwar ba ta yi ba, bana babu iri ke nan ga kowa.

Uwar kuwa ta ƙi. Ci take kawai tana kwanciya cikin yashi.

Akwai dabarar da masu wannan sana'a ke yi in uwa ta yi taurin kai. Ka san idon ƙaguwa a kan ɗan tsinke yake. Sukan gasa almakashi a wuta su datse tsinke ɗaya, ba a jima sai ƙwai ya nuna. Aiki ne na mai hannun da ba ya rawa, shi ya sa aka aiko a kira Shefali. Ni ma na bi ta, don ba a barina a baya.

Muka tarar Montu ya riga ya kunna wuta. Shefali ta tura ganyen da take tauna gefen kunci, ta dubi Tanzila.

"'Yata, kafin in makantar da baiwar Allah, gaya mini. Me ya haɗa ido da ƙwai? Ni dai da na haifi nawa uku ba wanda ya tsone mini ido."

Montu, mai kiran ta Didi, wato yaya, ya tuntsire da dariya. "Didi, ke yanka aka kira ki, ba jarrabawa ba."

"Kai rufe mana baki, mai kan kwakwa. Da manya nake magana."

Tanzila, mai kiran Shefali Mashi, wato inna, ta ɗauko wani tsohon ɓawo ta nuna mana tsinken. "Mashi, a cikin nan akwai wani ɗan ƙulli, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Jijiyoyi ne suka taru a wurin, suna zuba wasu 'yan saƙonni cikin jini. Ɗaya yana cewa, kar ki yi saɓa tukuna. Wani yana cewa, kar ki yi ƙwai tukuna. Wani kuma in ta firgita shi ke sakin sukari cikin jininta don ta samu ƙarfin gudu. In mun yanke tsinken, mai cewa dakata ya yi shiru, sai jiki ya zarce."

Shefali ta daina tauna. Ta karɓi ɓawon tana juya shi a tafin hannunta, kamar yau ta fara ganin irinsa.

"A nan ciki? Shekara arba'in ina kallon idon nan yana kallona, ashe masu gadi ne zaune a bayansa?" Ta ɗago kai ta ce, "To in duka masu gadin suka tashi lokaci guda, wace ƙofa za ta bi, ta saɓa ko ta ƙwai?"

"Wadda ta riga ta kama hanyarta," in ji Tanzila.

Shefali ta zura hannu cikin tanki ta cafko uwar ta baya, ta fita da ita waje, ta ɗaga filafilin ga rana. Ta daɗe tana kallo.

"Montu, kashe wutarka. Wannan saɓa za ta yi, bai wuce kwana shida ba."

Tanzila ta leƙa. Sai da Shefali ta nuna mata da farce sannan ta ga wani siririn layi a gefen ƙafar, sabon ɓawo yana rabuwa da tsoho. Fuskarta ta canza. Ta ce a ɗakin gwaji da madubin ƙara girma suke ganin wannan, kuma in da an yanke yau, saɓar za a ingiza da ƙarfin tsiya, da wuya uwar ta fita da rai, balle a yi zancen ƙwai.

"To sai mu zauna mu zuba mata ido?" in ji Montu.

"Miji za mu ba ta," Shefali ta ce. "Macen ƙaguwa ba ta karɓar namiji sai jikinta na da laushi."

"Didi, kin sha rana ne? Ki sa ƙato da yunwarsa kusa da nama mai laushi? Ai kin kai masa abincin rana har ɗaki!"

Gaskiyar Montu ce, kowa a wurin ya sani. Uwa ɗaya ce tal, kuma ƙaguwa ba ta jin kunyar cin 'yar'uwarta. Tanzila ta dubi almakashi, ta dubi Shefali, ta ce, "Mashi, je ki zaɓo shi."

Ta zaɓo wani baƙin namiji daga kududdufinta, hannunsa ɗaya ya kai tafin yaro. Da aka sake shi ya zagaya tankin sau biyu, ya tsaya, sannan ya hau bayan uwar ya rungume ta da ƙafafunsa. Montu ya ce, "Shi ke nan, ya yi bismilla." Amma bai ci ta ba. Ɗaukar ta ya yi, duk inda za shi tana ƙarƙashinsa. Aka jefa masa kifi, ko kallo bai yi ba. Kwana huɗu haka.

Rana ta biyar da hantsi Shefali ta ƙwala mini kira ta kan katanga, muka tafi da sauri. Namijin ya sassauta, ya miƙe kan ƙafafunsa kamar rumfa. A ƙarƙashinsa bayan uwar ya tsage. A hankali ta riƙa zamewa da baya, ƙafa bayan ƙafa, har manyan hannuwan nan suka zare ta cikin 'yan ƙananan gaɓoɓi, har tsinkayen idon biyu suka fito sababbi suna sheƙi. Tsohon ɓawon ya kwanta gefe cif, sai ka rantse wata ƙaguwar ce. Ita kuwa ta yi lakwas, ko ɗan kifi zai iya yagar ta.

Namijin ya sauke hannun nan da ke fasa kwanso mai tauri. Ya sa shi ƙarƙashinta, ya juya ta a hankali kamar mai juya jariri a wanka. Bayan sun gama saduwa, ya sake rufe ta da jikinsa, bai tashi ba sai da ɓawonta ya yi tauri. Montu dai ranar rediyonsa bai kama tasha ba.

Kwana goma kafin ruwan farko, uwar ta tashi daga yashi da wani dunƙule ruwan lemo a ƙarƙashin cikinta, ya fi dunƙulen hannu. Tanzila ta ce ƙwan da ke ciki ya haura miliyan. Kaɗan ne suka rayu, haka abin yake, amma kaɗan ɗin sun ishi kududdufan ƙauyenmu. Uwar kuma Shefali ta sa ta a kwando, ta shiga kwalekwale ta kai ta bakin kurmi ta sake ta da idanunta biyu.

Na tambayi Tanzila abin da ya hana namijin cin ta. Ta ce sun san akwai wani ƙamshi da macen ke saki cikin ruwa, amma yadda yake shiga jikinsa har ya kashe masa yunwa, suna kan nema. Na tambayi Shefali, ta ce ita ma tun ranar take tunani, ba ta gama ba.

Kai fa, a ganinka, me aka raɗa wa wannan ƙaton da ya ga nama a gabansa, da yunwar kwana biyar a cikinsa, ya zaɓi ya yi gadi?