Kaka Gaisha da idon aro

Duk wanda ya san Kaka Gaisha ya san ba ta juya wa Agadez baya. Ko Tabelot za ta je gaisuwa, a juye take zama cikin mota, fuskarta wajen gari. Wai rashin kunya ne mutum ya nuna wa garin da ya raine shi ƙeya.

Ni na raka ta Damagaram, bayan yanar ido ta yi shekaru da rufe mata ido biyu. Wata uku Baba yana lallashinta kafin ta yarda a yi mata aiki. An ba ta rana, in ta wuce sai baɗi. Ta ce ba mai raka ta sai ni, Bebiya, kamar yadda take kirana, don ni kaɗai ce ba zan cika mata kunne ba.

Muna shiga motar bis ta durƙusa a kan kujera, ta juya baya, hancinta ya kusa taɓa na wani mai haƙar zinariya da ya fito daga Tchibarakaten.

Shofer, direban motar, ya ce, "Hajiya, ki zauna daidai mana."

"Ɗana, gaba aka ba ka, ka kalle shi. Baya nawa ne."

Mai zinariya ya ce, "To ai ba kya gani, Hajiya."

"Ni ba na ganin garin, shi yana ganina!"

Bis ta ɗauki dariya. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska.

Sai da na raɗa mata cewa hasumiyar babban masallaci ta ɓace, sannan ta zauna. Ta lalubo hannuna. "To, ara min idonki."

Na fara a hankali, bakina dab da kunnenta. Ga tumfafiya tana girgiza fararen ganyenta. Ga wata mata a kan jaki, tulunanta na lilo kamar suna gyangyaɗi. Can nesa kawalwainiya ta shimfiɗa tabki, raƙuma uku suna tafiya a bisansa, ƙafafunsu ba su taɓa ƙasa. Inuwar gajimare ɗaya tilo tana bin mu, ta tsere mana, ta tsaya ta jira mu. Kaka ta lumshe ido, kanta na rausaya tare da motar.

"Na gaban fari ne?"

"Fari ne, Kaka."

"To, ɗaga masa hannu, ki ce ina gaisuwa."

Na ɗaga, wallahi.

A Aderbissinat aka tsaya salla. Kaka ta bi ƙanshi har tabarmar wata mai cuku, ta miƙe ƙafa, suka kama hira kamar tare suka tashi. Kowa ya koma mota. Shofer ya danna oda.

"Ni ba a gaggauta ni," in ji ta. Kun san maganar, har liman ta taɓa faɗa wa ita. Sai ta ƙara da cewa: "Ku tafi. Gida zan koma. Tun safe nake gani, ban taɓa ganin hanyar nan da kyau irin na yau ba. Me zan yi da wuƙar likita?"

Shofer ya roƙa. Mai zinariya ya tsuguna ya roƙa. Ni ina kallon hannunta: yana murza bakin zanenta. Ba taurin kai ba ne. Tsoro take ji.

Ban san lokacin da muryata ta fito ba, a gaban mutane fiye da na ajinmu.

"Kaka, akwai abin da ba zan iya kwatanta miki ba. Rabonki da ganin fuskata tun ban shiga lekol na fara boko ba. Ko kasuwa muka haɗu, ba za ki gane ni ba."

Kaka ta miƙo min hannu.

"Ashe Bebiya na da baki! Tashe ni. Ke kuma mai cuku, ajiye min hirar, zan dawo in ga ko kyanki ya kai muryarki."

Ranar da aka kwance mata ido, ni ta sa aka tsayar gabanta. Ta kama haɓata, ta juya ni dama, ta juya ni hagu, ta ƙura min ido har na fara jin kunya.

"Wayyo ni Gaisha! Hancin babanki kika ɗauko? Likita, mayar min da yanata!"

Har likitan sai da ya dafa bango don dariya. Amma ba ta saki haɓata ba, kuma na ga ruwa yana gangarowa daga idon da aka ce kada ta taɓa.

Shekara biyu ta yi tana ganinmu. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya haskaka makwancinta, Ya nuna mata fuskokin da take kewa.