Ranar da Almakashi Ya Faɗi Daga Hannuna

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban sa hoton ɗinki ko ɗaya a shafin nan ba. Wasu sun ce na koma Sakkwato, wata ma ta aiko cewa na gudu da shaddarta. Ina nan Konni, shaddar ma tana nan. Ciwo na yi, sai yau na ji zan iya ba da labarin.

Duk wanda ya san ni ya san ban iya cewa a'a ba. Ko Sallah saura kwana uku ka kawo yadi, sai in ce ajiye. Bana kaya suka taru har suka rufe tagar shago. Da waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, don na san mai kaya ne.

Daga nan ƙirjina ya fara zafi, ƙeyata ta riƙa sarawa, barci ya ƙaurace. Ni kuwa gwanin dabara, kowane na samo masa magani. Zafin ƙirji, in jiƙa jar kanwa in sha, safe da yamma, yadda na ga manya suna yi. Gajiya, in sayi ƙwayoyin ƙarin ƙarfi wajen mai tallan magani a faranti. Ga shayi. A fadarmu ta masu shan shayi a bakin shago ni ne babba, don haka kofin farko, mai ɗacin nan, ni ake miƙa wa. Abinci kuwa sai abin da na tsinta a bakin hanya.

Wata Talata da hantsi ina yanka atamfa, almakashi ya suɓuce. Na sunkuya zan ɗauka, yatsun hannuna na dama suka ƙi kamawa. Ina kallonsu, ina ba su umarni, shiru.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Mahaifina yana ƙauyen Bazaga, shekara shida ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Hannun da ya riƙe hauya ya ciyar da mu, yanzu a cinya yake ajiye shi. Shi na gani a idona. Tela ba hannun dama, me ya rage? 'Ya'yana huɗu da hannun nan suke ci.

Maƙwabcina ya goya ni a babur zuwa asibiti, matata Rabi ta iske mu can. Kafin a kira ni yatsun sun fara motsi, har na ce mu koma gida. Rabi ta ce, "Ba ka zuwa ko'ina. Zamna nan."

Aka ɗaura mini abin awo a damtse. Tansiyo, wato awon hawan jini, ya kai sha tara. Aka ɗebi jini da fitsari, aka manna mini wayoyi a ƙirji. Kuɗin awon ya cinye ɗinkin sati biyu. Likita ya tambaye ni ko ina shan wani magani, na ce a'a. Ban yi ƙarya da gangan ba, ni dai a wurina kanwa ba magani ba ce, kayan kicin ce.

Rabi ta kwance bakin zanenta, ta zube kanwa da ƙwayoyin a kan teburinsa.

"Likita, ga abin da shika sha. Kullum. In na yi magana shi ce ni ba lokotoro ba ce."

Likita ya juya kanwar a hannunsa, ya ce gishiri ne zalla nake ɗura wa jini mai hawa. Ƙwayoyin kuwa ya ce shi kansa bai san me ke ciki ba. Sai ya dube ni.

"Wanga gargaɗi na. Na biyu ba ya sallama."

Kwana uku na yi a kwance. Duk lokacin da na farka sai na fara dunƙule hannu in buɗe, in ga ko yana nan. Har yau ina yi.

Aka sallame ni da ƙwayar hawan jini ta kowace safiya. Na tambayi bitamin, likita ya ce awon jinina bai nuna na rasa komai ba, in ci zogale da wake da tuwon gida a kan lokaci. Rabi ta rage gishiri da dunƙulen miya har na yi kwana biyu ina fushi. Bayan la'asar ina taka ƙafa rabin awa. Kofin shayin farko na bar wa wasu, 'yan fada suna tsokanata wai na yi murabus.

Mafi wuya shi ne a'a. Wata Hajiya, tsohuwar mai kawo mini ɗinki, ta zo da turmi biyar tana so a sati. Na ce biyu zan iya. Ta kwashe kayanta duka ta fita. Na zauna ina jin bugun zuciyata, ina jiran wani abu ya same ni. Ba abin da ya faru.

Na gode wa Allah. Na gode wa ma'aikatan asibiti, da maƙwabcina, da Rabi mai tonon asiri.

'Yan uwana masu sana'a, ku je a auna ku ko ba ku jin komai. In likita ya tambayi abin da kuke sha, ku faɗi duka, har kanwa da jiƙo. In hannu ko baki ya yi nauyi, ko da ya saki daga baya, ku tafi asibiti a take. Aikin da ya fi ƙarfinku kuma ku mayar.

Juma'ar da ta wuce na kai wa Baba riga, ta farko da na ɗinka tun da na tashi. Bai duba rigar ba. Ya kama hannuna na dama da nasa na hagu, ya ce in matse. Na matse.

Ya ce, "Ƙara."

Na ƙara, ya daɗe bai saki ba.